Maharbin da Kyaftin Scott ya Tsaya Kallo

Yau cikin teku zan ja ku, don akwai wani labarin sojojin ruwa da na daɗe ina son mu tattauna.

A ƙarshen ƙarni na 19, harba igwa daga jirgin yaƙi kusan caca ce. Igiyar ruwa tana rausaya jirgi, sai maharbi ya saita bakin igwa, ya tsaya jiran lokacin da jirgin zai karkato daidai da abin hari, sannan ya saki wuta. Galibi kifaye ne ke shan harsashin.

A 1898, Percy Scott, kyaftin jirgin Scylla na Ingila, ya tsaya yana kallon yaransa suna atisaye, sai ya lura da wani da ya fi kowa samu. Hannun mutumin ba ya barin mariƙin da ke ɗaga igwa da sauke ta. Jirgi ya yi ƙasa ya ɗaga, jirgi ya yi sama ya sauke. Scott ya sauya giyar mariƙin don kowa ya iya juya shi da sauƙi, ya gyara madubin hangen nesa, ya kuma ƙera wata na'urar koyo wadda ke ɗiga alama a takarda don maharbi ya ga inda ya nufa. Nan ne labarin ya fi burge ni: ilimin yana hannun ƙaramin soja, aikin babba shi ne ya zura ido.

Wani laftanar ɗin Amurka, William Sims, ya haɗu da Scott a tekun Sin, ya koyi dabarar, ya dinga aika rahoto Washinton. Da fari aka yi biris da shi. Daga baya aka gwada abin a kan tudu, inda ba igiyar ruwa, aka ce ba zai yiwu ba. Ka ji fa! Alhali rausayar jirgin ita ce ke rage wa maharbi nauyin igwar. A 1901 Sims ya tsallake manyansa ya rubuta wa Shugaba Theodore Roosevelt wasiƙa, abin da kan iya cinye masa aiki. A 1902 aka naɗa shi sufeton atisayen harbi.

Wannan salo na fara lura da mai amfani da kaya, a ƙera samfuri, a gwada, a gyara, masana zayyana sun mai da shi fanni guda daga baya. A 2011 rundunar jiragen ƙarƙashin teku ta Amurka ta soma shirin TANG, inda ta zaunar da ƙananan sojoji da kamfanin IDEO don su tsara kayan aikinsu da kansu. A 2018 kuma jirgin Colorado ya shiga aiki, matasan cikinsa suna juya kyamarar leƙen saman ruwa da rimot ɗin wasan Xbox.