Hijira, Ci-rani da Bishara: Imani da Zaɓen Mazauni a Gidan Runji, Agiye da Gazawa

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda addini ke shiga shawarar inda mutum zai zauna a waɗannan yankuna uku na jihar Maraɗi. Hujjarta ita ce: niyya ke tayar da mutum, amma gona da yardar masu ƙasa ke zaunar da shi.

Tushen tarihi

A 1804 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, daga baya ya rubuta Bayan Wujubil Hijra yana kafa hujjar wajabcinta. Jihadin da ya biyo baya ya ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, Gobirawa ƙarƙashin Sarki Mayaƙi suka kafa Tsibiri, wadda yau take cikin yankin Gidan Runji. Abin lura, waɗanda suka ƙaurace wa daular jihadin ta Sakkwato ba su taɓa ɗaukar kansu a matsayin waɗanda suka bar Musulunci ba. Da malamansu suka taso.

Malami da gonarsa

Cikin ƙaurar da ake yi a Agiye da Gazawa akwai ta karatun allo. Da an kai amfanin gona rumbu, malami ya kwashi ƙolaye da gardawa ya nufi Katsina, Kano, Zariya ko Gabas, sai bazara a juyo. Tambayi uban yaro, zai ce maka karatu ba ya zama a gaban uwa. Haka ne, amma lokacin tafiyar ya zo daidai da watannin da ake tsimin hatsi. A ganina kuskure ne a ɗauki ɗayan dalilan a yar da ɗayan.

Malamin da ya yanke shawarar zama kuwa, mai gari yake fara gaidawa. A yanka masa fili a gefen gari, a ba shi gona. Almajirai su kafa bukkokin kara, su hura wutar karatun asuba, da hantsi su ɗauki hauya. Inda ƙasa ta yi wa jama'a kaɗan, kamar kudancin Agiye, samun wannan kyauta ya yi wuya, shi ya sa tsangayu ke gangarawa birane.

Masu bishara

Mishan ɗin SIM ya shiga Damagaram a 1924, ya buɗe tasha a Tsibiri a ƙarshen shekarun 1920. Su ma da “kiran Ubangiji” suke bayyana zuwansu, amma sai da Faransawa masu mulkin mallaka da fadar Gobir suka yarda. Masaniyar tarihi Barbara Cooper ta bi tarihinsu a littafinta na 2006.

Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya, ya zo Maraɗi a 1981 da irin wannan kira. Daga 1983 ya fara koya wa manoma rainon kututturan itatuwa a gonaki, dabarar da ta yi ƙarfi a Ɗan Saga ta Agiye, inda kusan duk masu aiki da ita Musulmi ne.