Kifin Kiyawa a Akwatin Gilashi



Mu da muka tashi a Sundimina da ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram, kusan duk mun taɓa kiwon kifi ba tare da mun kira shi kiwo ba. Damina na kankama sai mu nufi kududdufi da tsohon gidan sauro, mu kamo 'yan ƙananan kifaye mu zuba a kwalba. Kwana biyu su mutu, mu koma mu kamo wasu. Kuma ba mu cika tambayar daga ina kifi ya zo kududdufin da ya bushe ƙayau da rani ba. Wasunmu cewa suke ruwan sama ne ya sauko da shi.

Waɗannan tambayoyi biyu, na mutuwar kifin kwalba da na kifin kududdufi, kowacce da tarihinta.

Mu fara da ta kwalba. Mutanen Sin sun yi ɗaruruwan shekaru suna kiwon jan kifi a tafkunan gida da manyan tangaraye, amma akwatin gilashi a ƙarni na 19 ya samu. A 1850 wani masanin haɗa sinadarai a Landan, Robert Warington, ya nuna cewa tsiron da ke cikin ruwa yana fitar da iskar da kifi ke shaƙa, dodon koɗi kuma yana cinye abin da ya ruɓe. A 1853 gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kallon kifaye, a 1854 kuma Philip Henry Gosse ya fitar da littafin da ya sa abin ya zama yayi a gidajen Ingila. Daga baya masu kiwo suka gane cewa ƙananan kifaye masu tafiya a garke, kamar neon tetra na kogin Amazon da aka raɗa wa suna a 1936, ba sa sakewa sai an haɗa shida ko fiye. Ashe ƙarancin iska da ƙazantar ruwa da matsi ne suke kashe kifayenmu na kwalba.

Amsar ta biyu kuwa a ƙofar gidanmu take. A 1928 wani Bajamushe masanin kifaye a Balin, Ernst Ahl, ya yi bayanin wani ɗan kifi da aka samo a kogin Kiyawa, wajen Katagum, ya laƙaba masa sunan kogin. Yau a littattafan kimiyya ana kiransa Pronothobranchius kiyawensis. Tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, rayuwarsa kuma damina ɗaya ce. Kafin ruwa ya ƙafe yakan zuba ƙwai a cikin laka, iyayen su mutu, ƙwan ya yi rani a binne. Ruwa na dawowa sai ya ƙyanƙyashe. Mun san gaiwa da shiga laka da ranta. Shi wannan ƙwansa yake bar wa ƙasa amana. Wasu kifayen kuma ambaliya ce ke kawo su daga kogi.

Saboda wannan hali, masu kiwon irin waɗannan kifaye a Turai sukan adana ƙwan a ƙasa mai danshi, su aika wa juna ta gidan waya. Sunan Kiyawa ya kusa shekara 100 yana yawo a bakin mutanen da ba su taɓa taka Jigawa ba, mu kuwa ba mu rubuta ko shafi ɗaya a kansa ba.

Abin da ya shafe mu ke nan. Kududdufai suna ta cikewa da shara da gine-gine, kuma duk wanda aka cike an binne ƙwan da ke ƙarƙashinsa har abada. Tsofaffin masuntan da suka san bambancin kawara da sauran ƙananan kifaye su ma suna ƙarewa. Kafin ruwan bana ya janye, kowannenmu ya samu masunci ɗaya a garinsu, ya tambaye shi sunayen kifaye da lokacin zuwansu, ya rubuta da ranar da wurin.

Allah Ya kai mu mako mai zuwa.