Yadda Iyayenmu Suke Dafa Naman Akuya a Inkil

Da Sallar layyar da ta wuce, bayan mun idar da sallar Isha'i, wani dattijo a masallacinmu ya ce an aiko masa da nama daga gida biyar, amma romo kawai ya iya sha, haƙoransa sun kasa. Maganar ta tsaya mana a rai, don a da ba haka abin yake ba.

Garin nan ba na jiya ba ne. A nan Inkil Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, ya yi zango kafin ya kafa birnin Bauchi a 1809. Kakanninmu da suka biyo hanyar fatauci daga Kano da Zazzau da Katsina sun zo da abu biyu da suka shafi tukunya: akuya da kanwa. Jar akuyar Sakkwato fatarta ce aka fi sani, don har ƙetaren Sahara ake kai ta, Turawa suna kiranta fatar Maroko. Naman kuwa a gida yake tsayawa, na suna da na layya da na baƙo. Ita kanwa daga Barno da bakin Tafkin Chadi fatake suke kawo ta a kan jakuna.

Taushin nama a wajensu tun daga turke yake farawa. Ba sa yanka tsohon bunsuru don baƙo, saboda tauri da wari. Taure suke nema, wanda aka dandaƙe tun yana ƙarami. Ko a layya, malamanmu na Malikiyya sun ce akuya ta cika shekara ɗaya ta shiga ta biyu ta isa, ba sai ta tsufa ba.

Bayan yanka da fiɗa, ranar Sallah kayan ciki kawai ake ci. Gangar jikin sai a rataye ta a inuwa, iska tana bugunta har washegari. Muna yara mun ɗauka rowa ce, ashe naman da aka yanka yanzu ɗaurewa yake yi, sai ya kwana yake saki.

Sannan a zo kan murhu. Iyayenmu mata tukunyar ƙasa suke ɗorawa, su zuba naman da albasa da citta da tafarnuwa da masoro da kanumfari, ba ruwa tukuna, sai ya fitar da nasa ruwan ya tsotse. Daga nan a ƙara ruwan zafi kaɗan, a janye itace a bar garwashi, a rufe. Awa biyu, wani lokaci uku. Jijiyar da ke wahalar da haƙori ita ce take narkewa ta zama romo mai kauri. In akuyar ta tsufa, a jefa 'yar kanwa kamar ƙwayar gyaɗa, ko a naɗe naman a ganyen gwanda kafin dafawa. Kanwa in ta yi yawa, nama ya yi baƙi, ɗanɗano ya gudu.

Yanzu fa? An samu gas da firji, amma gaggawa ta shigo. A yanka da safe, a watsa a mai kafin Azahar, ya fito kamar ƙirgi. Har muna jin wasu na jefa ƙwayar farasitamol a tukunya wai don nama ya yi laushi, alhali likitoci sun sha gargaɗi cewa yana illa ga hanta da ƙoda. Wannan cutarwa ce, kuma addini ya hana.

Mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa, balle akuya. Sallah mai zuwa, rabon da za mu kai wa tsofaffinmu, mu dafa shi yadda za su iya ci. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu dace.