Ƙwayar Bitamin C: Abin da Bincike Ya Tabbatar da Inda Ake Saɓani

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a Suleja, mura da tari suka yawaita, ƙwayar bitamin C na shiga sahun abubuwan da aka fi nema a shagunan sayar da magani. Akwai 'yar ƙarama ta tsotsa mai miligiram 100 da iyaye ke saya wa yara, akwai kuma babba mai miligiram 1,000 da ake jefawa a kofin ruwa ta narke. Da yawa daga masu saye sun ɗauka tana hana kamuwa da mura, sai dai gwaje-gwajen da likitoci suka shafe shekaru fiye da 50 suna yi ba su gaskata wannan zato ba.

Babu mai musun cewa jiki na bukatar sinadarin. Ɗan Adam ba ya iya haɗa shi a cikin jikinsa kamar yadda akuya ko saniya ke yi, dole sai daga abinci. Da shi jiki ke gina naman da ke riƙe fata, dasashi da jijiyoyin jini, shi ne kuma ke taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin ƙarfe daga wake da ganyaye. Wanda ya yi watanni babu shi zai fara kasala, dasashinsa ya riƙa jini, rauni ya ƙi warkewa. Wannan cuta ta hallaka ɗimbin matuƙan jiragen ruwa a ƙarnonin baya. A 1747 likitan sojan ruwan Birtaniya, James Lind, ya gwada magunguna daban-daban a kan marasa lafiya 12, waɗanda aka bai wa lemo su ne suka murmure.

Abin da ake bukata kaɗan ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade miligiram 45 a rana ga babba, Amurka kuma ta sa 90 ga maza, 75 ga mata, da ƙarin 35 ga mai shan taba.

Muhawarar ta samo asali ne a 1970, lokacin da masanin kimiyya Linus Pauling, wanda ya ci kyautar Nobel har sau biyu, ya wallafa littafi yana cewa shan bitamin C da yawa na kare mutum daga mura. Girman sunansa ya sa duniya ta karɓi maganar tun kafin a gama gwada ta.

A 2013 ƙungiyar Cochrane, mai tattara sakamakon binciken lafiya, ta duba gwaje-gwaje 29 da aka yi a kan mutane sama da 11,000. Ta gano cewa shan ƙwayar kullum bai rage yawan kamuwa da mura ga talakawan gari ba. Abin da ya rage shi ne tsawon jinyar: kashi 8 cikin 100 ga manya, kashi 14 ga yara. Ga babban da murarsa ke yin mako guda, ragin bai wuce kusan rabin yini ba, kuma sai ya kasance yana shan ƙwayar tun kafin ya kamu. Wanda ya fara sha bayan hanci ya toshe bai samu wani amfani tabbatacce ba. Inda aka ga bambanci sosai shi ne wajen masu gudun fanfalaki da sojojin da ke atisaye cikin tsananin sanyi, inda kamuwa ta ragu da kusan rabi. A nan masu goyon bayan ƙwayar suka kafa hujjarsu, kuma har yau wasu masana na neman a ƙara gwada ta da yawa a farkon ciwo.

A sauran cututtuka sakamakon ya fi rauni. Asibitin Mayo na Amurka ya bai wa masu ciwon daji giram 10 a rana a gwaje-gwajen 1979 da 1985, bai ga sauƙi ba. Wani bincike da aka fitar a 2008 kan likitoci maza sama da 14,000 bai ga raguwar ciwon zuciya ba. Bayan ɓullar korona a Najeriya a Fabrairun 2020 an yi rububin ƙwayar, amma gwajin da asibitin Cleveland ya yi kan mutum 214 bai nuna ta gajarta jinyar ba.

Dalilin yana cikin yadda jiki ke aiki. Idan abin da aka sha ya haura miligiram 1,000, hanji ba ya tsotsar ko rabinsa, rarar da ta shiga jini kuma ƙoda ke fitar da ita ta fitsari. Haura miligiram 2,000 a rana kan jawo gudawa da murɗar ciki. Wani bincike a Suwidin a 2013 ya danganta yawan shan ƙwayar da ninkuwar haɗarin tsakuwar ƙoda ga maza, don haka mai matsalar ƙoda bai kamata ya sha ba sai da shawarar likita.

Waɗanda ƙwayar ke yi wa rana su ne masu ƙarancin sinadarin: tsofaffin da cimarsu ta taƙaita, mashaya taba, da iyalan da tsadar rayuwa ko gudun hijira ta raba da kayan marmari. Ga irin waɗannan, ƙaramar ƙwaya mai lambar rajistar NAFDAC ta wadatar.

Mazauna Suleja kuwa suna da sauƙin da wasu garuruwa ba su da shi, domin kasuwar 'ya'yan itace ta Zuba na kusa, kuma kayanta na shigowa kasuwannin IBB da Madalla. Lemon zaki matsakaici guda ɗaya ya cika ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, gwaba kuma ta ninka lemo kusan sau huɗu. Tattasai, gwanda, kashu, ɗanyen zogale da garin 'ya'yan kuka duk suna da shi. Asarar a wajen girki take faruwa: zafi da shanya a rana na lalata sinadarin, haka ma kanwar da ake jefawa a miya don ganye ya yi laushi. Shi ya sa busasshiyar kukar miya ba ta riƙe wani abin kirki daga cikinsa, alhali kwaɗon zogalen da aka yanka wa ɗanyen tumatir da tattasai yana isa ciki da nasa.