Riƙon maraya a Maraɗi: daga zauren dangi zuwa gaban zuzu

Duk malamin da ya taɓa cika takardun jarrabawa ya san gurbin da ake rubuta sunan mai riƙon yaro. Mukan cika shi da sunan wanda ya kawo yaron, alhali sau da yawa ba shi da wata takarda da ta ba shi wannan matsayi.

Tun da Ɗan Kasawa ya kafa Maraɗi wajen 1819, Gobirawa kuma suka zauna Tibiri a 1836, riƙon maraya aikin gandu ne. Idan maigida ya rasu, ƙaninsa ko wansa ya tattara yara, ya ci gaba da noman gonar. Haka ake yi wa tsohon da hankalinsa ya gushe. Idan rigima ta tashi sai a je wurin mai gari, daga nan fada. Malamai kuma suna da tasu ƙa'idar ta Malikiyya, wadda a ganina ta fi al'adar tsari: reno na uwa ne, bayanta kaka ta wajen uwa, amma dukiya tana hannun wasiyyin da uba ya naɗa, in babu shi alƙali ya naɗa wani. Mai ciyar da yaro daban, mai tsare gadonsa daban. Al'ada ta haɗe su a hannun mutum guda, kuma nan ne gonakin marayu da yawa suka salwanta.

Faransawa ba su taɓa wannan sosai ba. Sun kafa kotunan gargajiya, kwamandan na shugabanta, dattawa na gaya masa al'ada. Bayan mulkin kai, dokar 1962 ta riƙe tsarin, ta 2004 ma haka: a sha'anin aure, gado da matsayin yara, alƙali zai bi al'adar masu shari'a, da masana al'ada zaune gefensa. An yi yunƙurin kafa kundin dokar iyali a 1993, aka sake a 2011, duka biyun suka ci tura saboda adawar ƙungiyoyin addini.

To ina lauya a nan? Kusan babu shi. Yawancin lauyoyin Nijar a Yamai suke, fiye da kilomita 600 daga nan, kuma kuɗin motarsu kaɗai ya fi ƙarfin bazawarar Jiratawa. A 2011 gwamnati ta kafa hukumar ANAJJ don taimaka wa marasa hali da shawara da mai kare su a kotu. Iyaye ƙalilan ne suka san da ita.

Abin da ya sauya shi ne dukiyar kanta. Gonar gero ta bakin gari ta zama filin gini, ga fansho, ga ajiyar banki, kuma babu wanda zai saki ko dala sai ya ga takarda. Shi ya sa nake gaya wa iyaye kada su tsaya neman lauya tun farko. A tara dangi, na uba da na uwa, a zaɓi mai riƙo, a rubuta kowace gona da kowace dabba da sunanta, a kai kotu da takardar rasuwa da takardun haihuwar yaran, alƙali ya sa hannu. Lauya sai in wani ya riga ya sayar da abin da ba nasa ba.