Daga Majigi Zuwa Waya: Yadda Bahaushe Ya Koyi Auna Fim

Idan aka tashi daga kallon fim a ƙasar Hausa, tambayar da ta fi saurin fitowa daga bakin mutane ita ce, "Me ya koyar?" Da ita malami yake kushe fim a kan mumbari, da ita furodusa yake kare kansa a gidan rediyo, yana cewa shi mai faɗakarwa ne. Sau da yawa ana ɗaukar wannan ma'auni kamar gadon kaka da kakanni, alhali yana da lokacin da aka haife shi. Wanda yake son ganin asalinsa, zai fi ganinsa sarai idan ya bar birnin Kano ya tsaya a masarauta irin ta Gumel, wadda ta ƙunshi Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, domin hanyar da fim ya bi ya isa irin waɗannan garuruwa daban take da wadda ya bi ya shiga birni.

Hanyoyi biyu

Hanya ta farko ita ce ta gidan sinima. A 1937 aka buɗe sinimar Rex a Kano, a wajen ganuwa, kuma harkar ta daɗe a hannun 'yan kasuwa Kwarori. Tun farko jama'ar birni suka dube ta da ido na zargi, a matsayin matattarar 'yan iska da masu yawon dare. Ranar 13 ga Mayu, 1951, gobara ta tashi a sinimar El Duniya, mutum 331 suka rasu. Da yawa sun fassara abin da cewa fushin Allah ne, kuma wannan fassara ta daɗe tana bin sinima kamar inuwa.

Hanya ta biyu ita ce ta majigi, kalmar da ta samo asali daga sunan Turanci na wata tsohuwar fitilar haska hotuna. A 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya fina-finai domin ƙasashen da take mulka, ƙarƙashin William Sellers, wanda ya fara wannan aiki a Legas yana jami'in kiwon lafiya. Sellers ya ɗauka cewa mutumin karkarar Afirka ba zai fahimci dabarun kyamara ba, saboda haka ya shimfiɗa ƙa'ida: hoto ya tafi a hankali, labari ya zama guda ɗaya, darasi ya fito fili. Motocin majigi suka riƙa zaga lardunan Arewa, suna kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko gidan hakimi, suna nuna tsaftar rijiya da rigakafi da noman zamani. Fim ɗin Baban Larai na 1955, wanda ya yi kira ga noman auduga, daga wannan tsatso ya fito.

Gumel a lokacin tana cikin Lardin Kano. Layin dogo da ya tashi daga Kano zuwa Nguru ya ratsa ta Gagarawa, yana kwasar gyaɗa, amma gidajen sinima sun tsaya a manyan birane. Don haka rabon talakan karkara shi ne majigi: kyauta ne, a fili ake yi, da izinin sarauta, yara da manya suna zaune wuri ɗaya. Abu mafi muhimmanci kuwa, akwai tafinta riƙe da lasifika yana faɗa wa jama'a abin da suke gani da abin da ya kamata su ɗauka. Ke nan mutumin birni ya san fim a matsayin nishaɗin da ake jin kunyarsa, mutumin karkara kuma ya san shi a matsayin karatun da hukuma ta kawo. Daga haɗuwar waɗannan biyu aka sami hukuncin da ake amfani da shi har yau: fim abin zargi ne, sai in ya wanke kansa da darasi.

Ma'aunin da 'yan kallo suka ƙirƙira

Sai dai 'yan kallo ba su taɓa tsayawa a kan ma'aunin hukuma kaɗai ba. Daga shekarun 1950 zuwa 1960 fina-finan Indiya suka shigo, suka goga kafaɗa da na kaboyi na Amurka, daga baya na Sin masu faɗan hannu suka biyo. Ba a jin yaren Indiya, amma an gane auren dole da biyayyar iyaye da kunya da zaluncin mai kuɗi. Fim irin Mother India na 1957 ya shekara da shekaru ana maimaita shi. 'Yan kallo suka raɗa wa jarumai sunaye gwargwadon rawar da suke takawa: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Wannan ma sharhi ne, ko da ba a rubuce yake ba. A majalisa da shagon tela da teburin mai shayi ake tantance fim: shin waƙoƙinsa sun zauna, shin bos ya cika bos, shin jarumi ya sha wuyar da ta isa kafin ya rama?

Talabijin ta ƙara wani ma'aunin. Wasannin Samanja Mazan Fama da na Kasimu Yero, da waɗanda CTV ta Kano ta riƙa shiryawa a shekarun 1980, sun koya wa mutane su saurari harshe: wa ya iya zance, wa ya iya habaici, wa ya san yadda dogari ko ɗan kasuwa yake magana. A gefe guda kuma an yi fim na babban allo, kamar Shaihu Umar na 1976, wanda Adamu Halilu ya shirya daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Kaset da almakashi

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, shekara guda kafin a ƙirƙiri Jihar Jigawa. Kaset ya yi abin da sinima ta kasa: ya shiga cikin gida, ya isa ga matan aure, ya bi motocin kasuwa daga Ƙofar Wambai zuwa ƙauyuka, ya ƙetare iyaka zuwa Damagaram da Maraɗi. Gari kamar Maigatari, mai kasuwar Alhamis da ke haɗa fataken Nijeriya da na Nijar, yana kan irin wannan hanya. A karon farko ɗan Sule Tankarkar da ɗan Fagge suna iya kallon fim guda a mako guda.

A wannan zamani ne sharhi ya hau takarda. Mujallar Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji, wadda daga gare ta sunan Kannywood ya fito, da mujallar Fim da Ibrahim Sheme ya kafa a 1999, sun buɗe fagen wasiƙun masu karatu da muhawara kan rawa da waƙa, musamman bayan da Sangaya ya mamaye kasuwa. Amma kafin wannan sharhi ya yi ƙwari, tsohon ma'auni ya dawo da hatimin doka. Bayan ƙaddamar da shari'a a 2000, Kano ta kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001. A 2016 aka janye shirin gina alƙaryar fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji saboda adawar malamai da jama'a. Tacewa tana da hujjarta, sai dai aikinta shi ne ta ce wannan ya halatta a nuna, wancan bai halatta ba. Ba aikinta ba ne ta ce wannan labari ya ginu, wancan ya rushe tun daga tsakiya.

Abin da waya ta dawo da shi

Yau allon ya koma tafin hannu. Masu tura fim a waya sun maye gurbin masu hayar kaset, Arewa24 ta zo a 2014, ta kuma kawo Daɗin Kowa, sannan Labarina da Izzar So suka mayar da hankali ga fim mai dogon zango. Abin lura shi ne tafintan majigi bai mutu ba. Fassarar Indiya-Hausa irin ta Algaita ta dawo da muryar da ke tsayawa tsakanin hoto da mai kallo, tana fassarawa, tana ƙara gishiri, wani lokaci har tana yanke hukunci a madadinsa.

A kan wannan allo ne ake yawan jin cewa fina-finan da sun fi na yanzu ma'ana. Wataƙila haka ne, amma hukuncin yana buƙatar shaida, shaidar kuwa tana lalacewa. Shaihu Umar kansa an daɗe ana zaton ya ɓace, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Idan fim ɗin da aka yi daga littafin Firayim Minista ya kusa salwanta, ina ga ɗaruruwan kaset da ƙura da zafi suke ci a shagunan da aka rufe? Wanda ba zai iya sake kallon tsohon fim ba, ƙuruciyarsa yake yabo, ba fim ɗin ba.

Tambayar "me ya koyar?" ba laifi ba ce, kuma babu alamar za ta gushe. Illarta ita ce idan ta tsaya ita kaɗai, domin fim maras kyau yana iya fakewa da wa'azin minti biyu a ƙarshensa ya tsira, nagari kuma a yi watsi da shi don bai ɗaga murya ba. Masu shirya fim suna bin abin da ake yaba musu ne. Ranar da mai kallo a Gumel ko Gagarawa ya saba tambayar yadda aka gina labari, da yadda aka ɗauki hoto, da ko Hausar da aka sa a bakin jarumi irin wadda mutane ke yi ce, ranar ce masana'antar za ta fara jin nauyin amsa masa.