Tarihin Ɗora wa 'Yan Kwangila Aikin Sa Ido a Yaƙe-yaƙen Amurka

Ɗaukar ɗan kwangila ya sa ido a kan ɗan kwangila ɗabi'a ce da ta yi ƙamari a yaƙin Iraƙi da na Afganistan, amma tushenta ya girmi yaƙe-yaƙen biyu. A 1985 rundunar sojin ƙasa ta Amurka ta kafa shirin LOGCAP, wanda ya ba kamfanoni aikin girki da wanki da jigilar mai da gina sansanoni, kuma kamfanin Brown & Root ne ya samu kwangilar farko a 1992. A cikin shekarun 1990 ɗin, bayan Yaƙin Cacar Baka, Ma'aikatar Tsaro ta zaftare ma'aikatanta masu kula da saye da kwangila da kusan rabi. Aiki ya ƙaru, masu duba shi suka ragu.

Da aka mamaye Iraƙi a 2003, giɓin ya fito fili. Majalisar Dokokin Amurka ta ware dala biliyan 18.4 don sake gina ƙasar, sai hukumar riƙon ƙwarya ta mamaya ta ɗauko kamfanoni su sa ido a kan masu aikin ruwa da lantarki. A 2004 wasu 'yan majalisa, ciki har da Henry Waxman, suka nuna cewa wasu masu sa idon abokan kasuwancin waɗanda suke dubawa ne a wasu ayyukan. Ko da aka sabunta LOGCAP a 2007, kamfanin Serco aka ba aikin taya sojoji tafiyar da shirin.

Masu kare tsarin na cewa yaƙi ba ya jira, kuma horar da jami'in kwangila na cin shekaru, alhali kamfani na iya turo injiniya cikin makonni. Wannan gaskiya ce a shekarar farko, amma ba ta wanke shekara ta takwas ba. Suna kuma cewa sa hannun ƙarshe na jami'in gwamnati ne, kamar yadda wata doka ta 1998 ta keɓe wasu ayyuka ga gwamnati kaɗai. To, jami'in da ke zaune a Bagadaza da tulin takardu, bai taɓa taka ƙafa a asibitin da aka ce an kammala ba, yana sa hannu ne kan abin da aka faɗa masa. Biro na hannunsa, amma ainihin hukuncin yana wurin wanda ya rubuta rahoton.

Wani kwamiti ƙarƙashin Jacques Gansler ya faɗi a 2007 cewa rundunar sojin ƙasa ba ta da isassun ƙwararrun jami'an kwangila. A 2011 kuma hukumar da majalisa ta kafa kan kwangilolin lokacin yaƙi ta ƙiyasta cewa dala biliyan 31 zuwa 60 sun salwanta ta hanyar almubazzaranci da zamba a ƙasashen biyu, ta lissafa raunin sa ido cikin manyan dalilai.